Zumu da Idon Sani: Kafofin Sada Zumunta da Ma'aikacin Kwamfuta

Sunan nan da Hausawa suka laƙaba wa Facebook da WhatsApp da ire-irensu, watau kafofin sada zumunta, suna ne mai daɗin ji, amma in an lura sai a ga rabin aikinsu kaɗai ya bayyana. Zumu dai shi ne ɗan'uwa, ko aminin da ya zama kamar ɗan'uwa. Wanda kuwa ya koyi sana'ar kwamfuta, ko tsara manhaja ce ko sarrafa alƙaluma, ba kasafai zumu ke kai shi ga aiki ba. Mai kai shi shi ne idon sani, watau mutumin da aka taɓa gamuwa da shi sau ɗaya ko biyu, aka gaisa aka rabu. Nufinmu a nan shi ne mu bayyana dalilin haka, mu ɗauki ƙasar Miga ta Jihar Jigawa mu yi misali da ita.

Miga tana cikin fadamar kogin Haɗeja, galibin mutanenta manoma ne da masunta da makiyaya. Yaron da ya gaji ɗaya daga cikin sana'o'in nan ba ya bukatar neman hanya, domin ubansa ya san mai sayen shinkafa, ya san dillalin kifi a kasuwar Haɗeja, shi kuma zai gaji sanayyar tare da gonar ko komar. To, amma a ce ƙanensa ya tafi makarantar koyon kwamfuta ta Kazaure, wadda aka kafa a 2001 zamanin Gwamna Saminu Turaki, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ko ta Jiha da ke Kafin Hausa. In ya komo gida da takardarsa, wa zai kai wa? Danginsa suna ƙaunarsa, amma duk labarin da suka sani shi ma ya sani, kasuwarsu ɗaya, masallacinsu ɗaya. Ba rowa suka yi masa ba, abin da ya ke nema ne ba ya hannunsu.

Wani masanin zaman jama'a na Amurka, Mark Granovetter, ya bayyana wannan al'amari a 1973. Ya tambayi mutanen da suka sake aiki a wata unguwa kusa da Boston, sai ya tarar yawancin waɗanda suka sami aikin ta hannun wani, ta hannun wanda ba su cika gani ba ne. Dalili kuwa a fili ya ke: idon sani yana zaune a wata da'ira dabam, yana jin abin da ba ya iso kunnen dangi. A 2022 an buga wani bincike a mujallar Science da aka yi a kan mutum fiye da miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, ya kuwa ƙarfafa maganar, musamman a sana'o'in da suka dogara ga kwamfuta. Sai dai ya ƙara da cewa sanayya matsakaiciya ta fi wadda ta yi nisa ƙwarai amfani. Tara sunaye barkatai ba shi ne ba.

Labari dai idon sani kan kawo, amma labari dabam, amana dabam. A nan ne tarihinmu ya ke da abin faɗa. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 game da Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda fataken shanu daga Arewa su ke sayar wa mahautan Yarbawa bashi, alhali kuwa ba su san su ba. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne mai gida. Shi ke sauke baƙo, dillalansa su nemo mai saye, shi kuma ya tsaya a kan bashin da mutuncinsa, domin ya san wane mahauci ne mai biya, wane ne mai taurin bashi. Baƙo ba ya bukatar sanin kowa a garin in ya san mutum ɗaya da kowa ya sani.

Saurayin Miga baƙo ne a kasuwar manhaja, kamar yadda falke ya ke baƙo a Ibadan. Wane ne mai gidansa? Abu biyu ne suka raba aikin a tsakaninsu. Na fari aikinsa da ya baje a fili. A GitHub, wanda aka buɗe a 2008, mai tsara manhaja kan ajiye abin da ya rubuta, kowa ya duba, ya ga ranar da aka yi shi, ya ga gyaran da wasu suka yi masa da yadda ya karɓi gyaran. Wannan shaida ce da takardar makaranta ba ta iya bayarwa. Ba lalle ne kuma aikin ya zama gagarumi ba. Wanda ya zana taswirar ƙauyukan da ruwa ya ci a ambaliyar 2022, ko wuraren da kacalla ta toshe hanyar ruwa, ya yi abin da gwanin Legas ba zai iya ba, don bai san ƙasar ba.

Na biyu ƙungiya. Misalin da ya fi kusa da mu masu nazarin Hausa shi ne HausaNLP, taron masu koya wa kwamfuta harshen Hausa, wanda ke da alaƙa da Masakhane, ƙungiyar masu irin wannan aiki ta Afirka da ta soma a 2019. Membobinsu a warwatse su ke cikin ƙasashe, ta intanet su ke ganawa. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane harshe, Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka, waɗanda mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suna tantance na yabo da na suka da na tsaka-tsaki. Irin wannan aiki ƙofa ne ga ɗalibi, domin jarinsa na farko harshen da ya sha a nono ne. In ya yi shi da kyau, manyan ƙungiyar sun gani, su ne kuwa za su ambace shi ranar da aka tambaye su wa suka sani.

Kada mai karatu ya zaci hanyar a share ta ke. Wuta da kuɗin data sun ishi ɗan ƙauye, ga kuma 'yan damfara masu tallan aikin ƙarya su ce a biya kafin a ɗauka. Sa'an nan rumfar aro ce. Daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022 Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter, wadda yanzu a ke kira X, har sai da shugaban hukumar NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, mutumin Haɗeja, ya ba da sanarwar buɗe ta. Wata bakwai ke nan wanda duk sanayyarsa ke wuri guda yana zaune ba kasuwa.

Akwai kuma wani cikas da ya shafi malaman kwalejojin horon malamai kai tsaye, shi ne na ladabi. Mun tarbiyyantar da yaranmu a kan kunya, mun koya musu cewa yabon kai jahilci ne, wannan kuwa daidai ne. Amma da yawansu sun kasa rarrabe yabon kai da nuna aiki, har su kan ɓoye abin da suka yi, sa'an nan su aika wa babban mutum doguwar gaisuwa su rufe da roƙon a taimaka musu da aiki. Maƙeri ba ya jin kunyar baje fartanyoyinsa ran kasuwa. Darasin rubutun wasiƙa da mu ke koyarwa tun tuni ya kamata ya ƙunshi wannan sabuwar wasiƙa mai layi uku ko huɗu, wadda ɗalibi zai ce ga ni, ga abin da na yi, ga inda na kakare, ko Malam zai duba mini.