Ɗakunan Tsinkayen Gobarar Daji a Amurka

Gabatarwa

A watan Agusta na shekarar 1910, wata gagarumar gobara ta cinye daji mai faɗin kimanin eka miliyan 3, galibi a jihohin Idaho da Montana na Amurka, ta kuma hallaka mutane fiye da 80. Wannan bala'i ya sa Hukumar Gandun Daji ta ƙasar, wadda aka kafa a 1905, ta dage wajen gina ƙananan ɗakuna a ƙololuwar duwatsu. Manufarsu ita ce a hango hayaƙi tun wuta ba ta kankama ba.

Tsarin Ginin

Fitaccen samfurin ɗakunan shi ne L-4, wanda ya fito a 1929. Ɗaki ne ƙwaya ɗaya na katako, tsawonsa ƙafa 14, faɗinsa ma haka. Tun a ƙasa ake yanka katakan daidai awo, sannan alfadarai su hau da su, saboda mota ba ta isa wurin. Tagogin gilashi sun kewaye ɓangarorinsa huɗu, don haka ko girki mai gadi yake yi, idonsa na kan daji. Murafen tagogin kuwa akan tokare su sama su ba da inuwa, a rufe su lokacin ƙanƙara. Da yake tsawa ta fi faɗa wa wuri mai bisa, akan ja wayar tagulla daga rufi zuwa ƙasa. Idan hadari ya taso, mai gadi yakan hau wata 'yar kujera mai ƙafafun gilashi.

Yadda Ake Gano Wuta

A tsakiyar ɗakin ake girke na'urar da William Osborne ya ƙirƙiro: taswira ce zagayayya bisa faifai mai digiri 360, da masaita mai juyawa. Mai gadi zai saita hayaƙin, ya karanta kusurwarsa, ya sanar ta tarho. Idan wani ɗakin ya aiko da tasa kusurwar, sai a ja layukan biyu a taswira. Inda suka haɗu, nan wutar take.

Kammalawa

Daga shekarun 1960 jiragen sama suka fara karɓe aikin, daga baya kuma kyamarori da taurarin ɗan'adam, aka rushe ɗakuna da dama. Duk da haka, wasu na aiki har yau, wasu kuma ana ba da hayarsu ga masu yawon buɗe ido.

Aiki

1. Bayyana dalilin kewaye ɗakin da tagogi.
2. Me ya sa ake bukatar ɗakuna biyu kafin a tabbatar da wurin wuta?