Takardun Samariya a Ƙasar Dogarawa

Samariya ƙungiya ce ta matasan gari wadda ƙasar Hausa ta daɗe da sani. Sarkin samari ke jan maza, 'yan mata kuma da tasu shugabar, aikinsu kuwa gayya ne: noman gonar mai rauni, yashe rijiya, share gari, shirya wasan Sallah. Ba a biyan kowa ko dala. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 a Nijar, gwamnatin Seyni Kunce ta rushe jam'iyyar PPN-RDA, ta ɗauki samariya ta mai da ita hanyar isa ga talakawa a kowane ƙauye da unguwa. Samari suka gina ajujuwan lakwal da tubali, suka dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta, suka yi ta gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo a bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976. Kunce ya rasu a 1987, kuma da aka shiga siyasar jam'iyyu da yawa bayan taron ƙasa na 1991, samariya ta dusashe.

Mai neman tarihin samariyar Dogarawa, ko ta Galmi da sauran garuruwan yankin, sai ya fara sanin yadda takarda ke tafiya a wancan zamani. Malbaza ba ta zama gunduma mai cin gashin kanta ba sai a 2011. Kafin nan Birnin Kwanni ce ke riƙe da wannan ƙasa, don haka rahoto daga ƙauye ofishin mai mulkin Kwanni yake nufa, daga can ya wuce Tawa, sannan ma'aikatar matasa a Yamai. Wanda ya tsaya a Malbaza kawai yana laluben kundin shekarun Kunce, ya ɓata ƙafarsa.

A Yamai akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa, da cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, da CELHTO mai tattara tarihin baka. Tsofaffin fitowar jaridar Le Sahel da faifan Muryar Sahel da Tele Sahel su ma tushe ne, musamman kan bikin matasa. Sai dai takardun hukuma da Faransanci aka rubuta su, kuma ma'aikaci ne ke faɗa wa na gaba da shi abin da yake son ji: aji nawa aka gina, itace nawa aka dasa. Ba kasafai suke faɗin wanda ya kwaɓa ƙasar ba, balle wanda aka ci tararsa don ya ƙi fitowa gayya. Wannan ɓangaren yana cikin kawunan tsofaffin sarakunan samari, da makaɗa, da matan da suka yi waƙar dandali suna 'yan mata.

Akwai kuma abin da ke cikin gidaje: hoton 'yan wasa, takardar yabo, kaset, littafin karo-karo, wani lokaci da ajami. Maƙiyansu gara ce da ɓera da ɗigon damina, kaset kuma zafi ke cinye shi. Maganin ba mai tsada ba ne. Takarda tana son akwatin ƙarfe a ɗora shi bisa dutse ko katako, nesa da bango. Leda tana tara gumi, salatif kuma yana ɓata hoto. A bayan kowane hoto a rubuta da fensir sunan gari da shekara da abin da ake yi, domin hoton da ba a san su wa ke ciki ba ya zama ado kawai. Wayar salula ta isa ɗaukar hoton takarda da muryar dattijo, amma waya tana ɓata ko ta lalace, saboda haka a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ɗaya a ofishin magajin gari inda ɗalibi zai iya zuwa ya duba. Asalin ya zauna hannun mai shi. Mutane sun fi sakin abinsu idan sun san za a mayar musu. Muryar mutum kuma ba a watsa ta sai da yardarsa.

Aikin da ya fi gaggawa shi ne na baka. Saurayin da ke da shekara 20 a 1974 yau ya haura 70.