Tazargade Da Danginta

Ku sani, ya malamai da fatake, a ƙasashen Turai akwai wani tsiro wai shi tansi, mai fure rawaya dunƙule-dunƙule kamar maɓallin riga, ƙamshinsa kamar na kafur. Mutanen da suna goga ganyensa a jikin nama don ƙuda su ƙaurace masa, suna jiƙa shi su sha saboda tsutsar ciki. Amma mansa dafi ne. Wanda ya zarce gwargwado jijjiga kan kama shi, wani ma ya halaka, mai ciki kuwa yakan jawo mata ɓari.

Masana tsirrai sun ce shi da tazargade da shuwaka duk zuriya ɗaya ce, har da furen da ake nomawa a tsaunukan Kenya don maganin sauro.

Daga wata irin tazargade ta ƙasar Sin ne wata mata, Tu Youyou, da abokan aikinta suka tace maganin zazzaɓin cizon sauro a 1972, aka ba ta lambar Nobel a 2015. To, da wannan labari ne waɗansu masu talla suke ruɗin mutane. Tazargade iri-iri ce, ba kowacce ke ɗauke da sinadarin nan ba. Ko ta Sin ɗin, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha jiƙonta maimakon ƙwayar asibiti ba, gama ƙarfinsa ba shi da ma'auni. Zazzaɓi yakan lafa, alhali cutar tana nan kwance cikin jinin yaro.