Kwalbar Jam da Kwalbar Wake a Gaban Alƙali

Duk shekara cikin watan Agusta, birnin Des Moines na jihar Iowa a Amurka kan karɓi baƙi sama da miliyan ɗaya a kwana 11 na bikin baje kolin jihar. Tun 1854 ake yin sa, shekara 13 bayan bikin jiha na farko da aka yi a Syracuse ta jihar New York a 1841. Yawancin masu zuwa lilo ne ke jan su, da gasar shanu da tumaki, da soye-soye, da mutum-mutumin saniyar nan da ake yi da man shanu tun 1911. Amma a irin wannan biki, ko na Iowa ko na Minnesota ko na Texas, akwai zauren da ba a cika hayaniya ba. A nan ake jera ɗaruruwan kwalabe na abincin da mata da maza suka adana a gidajensu, suka kawo gasa, kowa na fatan a maƙala wa tasa shuɗin ƙyalle, alamar na ɗaya.

Kwalabe biyu nake so a duba tare, domin a kanta ɗaya ake ajiye su, da irin murfi ɗaya, amma aikin da ya kawo su wurin ya sha bamban. Ɗaya jam ce ta 'ya'yan itace. Ɗayar koren wake ne cikin ruwan gishiri.

Ta jam ita ce 'yar gata. Launinta ja ne ko ruwan zinare, idan haske ya ratsa ta sai mai wucewa ya tsaya. Yin ta ba wuya a bayyana: 'ya'yan itace, sukari mai yawa, ɗan tsami, da fektin, sinadarin da ke sa ta kama jiki. A tafasa har ta kai wajen digiri 104 a ma'aunin Selsiyos, a zuba a kwalba a bar rubu'in inci a sama, a rufe, a nutsa kwalbar cikin tafasasshen ruwa na 'yan mintoci. Alƙaliya za ta ɗaga ta a haske, ta karkata ta ta ga ko ta yi ruwa, kuma a bukukuwa da yawa za ta buɗe ta ɗanɗana. Nan hannun mai dafawa ke fitowa fili: wannan ta cika sukari, waccan ta ƙone a gindin tukunya, wata kuma ta jefa ɗan barkono ko citta har ɗanɗanon ya tashi. Fage ne na gwaninta da ƙirƙira, kuma ban raina shi ba. Ta wannan ƙofa yawancin sababbin hannu ke shiga gasar, kuma idan jam ta lalace, yawanci hunhuna ce za ta fito a sama, ido ya gani, a zubar.

Kwalbar wake ba ta da wannan kwarjini. Zafin da ya dafa ta ya kashe mata launi, koren ya dushe. Ba wanda ke tsayawa ɗaukar hotonta. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne, a mafi yawan gasannin alƙaliya ba ta ɗanɗana ta, sau da yawa ma ba ta buɗe murfin. Za ta duba ko an yanka waken daidai wa daida, ko ruwan ya rufe shi kuma garau yake, ko an bar inci ɗaya cif a sama, ko murfin ya lotsa ciki alamar ya kama. Sannan ta karanta takardar da ke manne: ranar da aka yi, wace irin tukunya, minti nawa, matsi nawa. In takardar ta nuna a tafasasshen ruwa kawai aka dafa, an fitar da kwalbar daga gasa, komai kyanta.

Dalilin yana cikin ƙasa, a zahiri. Akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum da ke zaune cikin turɓaya, tana maƙale wa kayan lambu. Tana da sulken da tafasar ruwa ta digiri 100 ba ta fasa shi. Idan ta sami danshi, babu iska, babu tsami, sai ta farka ta fitar da dafin da ke cikin mafi muni da aka sani, kuma rufaffiyar kwalbar wake ta cika waɗannan sharuɗɗa uku. Dafin na iya kasancewa ba tare da wari ko canjin ɗanɗano ba. Yakan fara da ganin abu biyu-biyu da faɗuwar fatar ido, ya gangara har numfashi ya gagara. Masana sun ja layi a 4.6 a ma'aunin tsami: abin da ya fi haka tsami, kamar yawancin 'ya'yan itace, tafasasshen ruwa ya ishe shi. Wanda bai kai ba, wato wake, masara, dankali, nama da kifi, sai tukunyar matsin tururi, wadda ke kai zafi digiri 116. Ana barin tururi ya fita na minti 10 kafin a toshe, sannan ƙaramar kwalbar koren wake ta yi minti 20, babba 25. Nama kuwa minti 75 zuwa 90. Mai zaune a kan tudu sai ya ƙara matsi, don a can ruwa kan tafasa tun bai yi zafi sosai ba.

Waɗannan lambobi ba don ƙawa aka rubuta su ba. A 1977 a Pontiac ta jihar Michigan, mutum 59 suka kamu bayan sun ci miyar barkonon da aka adana a kwalba ba bisa ƙa'ida ba. A 2015 a jihar Ohio, dankalin da aka adana da tafasasshen ruwa aka haɗa abincin taro da shi, sama da mutum 20 suka kwanta, har aka yi rashin rai. Saboda haka gasannin suka ɗaure kansu da littafin ƙa'idojin Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka da binciken cibiyar adana abincin gida da ke Jami'ar Jojiya.

Akwai masu ƙorafi, kuma ƙorafinsu na da nauyi. Suna cewa ta yaya za a ba abinci lambar yabo alhali ba wanda ya sa shi a baki? Suna kuma jin ciwon yadda ƙa'idar ke ture gadon kakanni. Tsohuwar da ta yi shekaru tana tafasa kwalaben wake sa'o'i uku a kan murhu, ba wanda ya taɓa ciwo a gidanta, yau jikarta ta kawo irin wannan aiki an ce bai cancanta ba. Na fahimci wannan ɗacin. Amma gidan da ya tsira sa'a ya ci, kuma ba a koyar da sa'a ga dubban masu kallo. Ita kanta sana'ar da gyara ta girma. Nicolas Appert, Bafaranshen da ya wallafa hanyar a 1810, bai san dalilin da ya sa take aiki ba, sai daga baya binciken Louis Pasteur ya bayyana. John Landis Mason ya kawo kwalba mai murfin murɗawa a 1858. Kowane zamani ya gyara na baya.

Ni dai kwalbar wake ta fi cika mini ido. Jam tana nuna iyawar harshe da hannu a rana ɗaya, ita kuwa waccan shaida ce ta amana: mai ita ya tsaya gaban tukunya yana kallon ma'auni a lokacin da ba mai ganinsa, kuma in matsin ya sauka ko na ɗan lokaci, ya sake ƙirga mintocin daga farko. Kuma ita ce abincin gaske. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gidajen Amurka sun cika kwalabe kimanin biliyan 4, kuma ba zaƙi ne ya raba iyalai da yunwar hunturu ba.

Tumatir ne ke tsaye a kan iyakar kwalaben biyu, kuma nan maganar ta iso gidajenmu. Idan tumatir ya yi araha da rani, kwanduna na fitowa daga Kadawa da sauran fadamu, mata da yawa kan markaɗa, su dafa, su ɗura a kwalabe su tafasa. Tsamin tumatir dab yake da layin 4.6, wani lokaci yana tsallakewa. Shi ya sa ƙa'idar da alƙalan can ke bi ta ce a zuba babban cokali 2 na ruwan lemon tsami na kwalba a kowace kwalba mai cin kusan lita ɗaya. Da zarar kuwa an markaɗa shi da albasa da tattasai da attarugu, tsamin ya ragu, haɗin ya koma sahun wake. Uwargidan da ba ta da tukunyar matsin tururi, gara ta adana tumatirin shi kaɗai da lemon tsaminsa, sauran kayan miyar ta shanya su ko ta sa a firiza.