Amfanin Gona Ma Yana Da Likitocinsa



Idan ƙanenka ya kwana da zazzaɓi, kowa a gida ya san inda za a nufa da shi. To, in gero ne ya kamu da ciwo fa, ko wake ya fara zubar da fure? Da yawanmu a nan ƙasar Zango sai mu jira ranar kasuwa, mu sayo kwalbar magani wurin mai tebur, mu zo mu fesa. In an dace, to. In ba a dace ba, an yi asarar kuɗi da amfani gaba ɗaya. Alhali kuwa gwamnati tana da ma'aikata waɗanda aka horar musamman domin lafiyar shuka. Bari mu ga su wane ne, da yadda aikinsu ya shafi tuwon da ke cikin kwanonka.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne malamin gona. A Jihar Katsina, malaman gona suna ƙarƙashin hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara, wadda aka fi sani da KTARDA. Aikinsa na farko shi ne gane cuta kafin a ambaci magani. Ganye na iya yin ɗorawa saboda rashin taki, ko yawan ruwa, ko ƙwaro, ko ƙuduji da ke tsotson saiwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma kowanne da tasa hanyar. Wanda ya fesa maganin ƙwari a gonar da taki take nema, ya yi aikin baban giwa. Aikinsa na biyu shi ne kai rahoto. Abin da ya gani a gonar mutum ɗaya zai sanar da ofishinsu, daga can labari ya kai Katsina, in abin ya yi girma ya kai Abuja.

Kada ka raina wannan rahoto. Akwai annobar da ta fi ƙarfin manomi ɗaya, kai har da gari guda. Tsuntsayen jan baki, alal misali, ba a gama da su da gwangwani da majajjawa. Ma'aikatar Gona ta Tarayya kan turo jirgin sama ya yi musu feshi a inda suke kwana, amma sai an gano makwancin tukuna. Haka ma farar hamada. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa garken fari mai faɗin murabba'in kilomita 1 yana ɗauke da fara kamar miliyan 40, kuma a yini ɗaya sukan cinye abincin da zai ishi mutum 35,000. A shekarar 2004 fari sun sauka a Jamhuriyar Nijar, ga ƙarancin ruwan sama, sai ga matsananciyar yunwa a 2005 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Ku tambayi iyayenku, mu da muke bakin iyaka mun ga abin da ya biyo baya. Fara ba ta san shingen kwastan ba.

Rukuni na biyu su ne masu bincike. Babbar cibiyarsu a Arewa tana Samaru, Zariya. An fara aikin binciken noma a can tun 1922, daga baya cibiyar ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kakanninku za su tuna da shekarar 1975, lokacin da kuturtar gyaɗa ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a Arewacin Nijeriya. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu tsotson ganye ne ke ɗaukar cutar daga wannan tushe zuwa wancan. Da zarar tushe ya kamu, babu maganin da zai warkar da shi. Saboda haka masu bincike suka duƙufa wajen fito da irin gyaɗa mai jure cutar, wanda ake sa wa suna SAMNUT da lamba a gaba. Haka kuma a 2019 aka fito da irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda ke kare kansa daga tsutsar da ke huda fure da kwanson wake, don a rage yawan feshi.

Wani lokaci ma maganin ƙwaro, ƙwaro ne ɗan'uwansa. Kun san tsutsar nan da ke bin zangarniyar gero tana zagayawa kamar an naɗa igiya? Masu bincike a Maraɗi suna kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro, dangin zanzaro, wanda ke harbin tsutsar ya yi ƙwai a jikinta. Sai a rataye shi cikin 'yan jakunkuna kusa da gonaki, ya fita ya yi aikinsa, ba tare da an zuba guba ko ɗigo ɗaya ba.

Rukuni na uku su ne masu tsare doka. Hukumar NAQS ita ke duba iri, da tsirrai, da amfanin gona da ke shiga ko fita ƙasar nan, don kada baƙuwar cuta ta shigo a cikin buhu. Baƙon ƙwaro ba abin wasa ba ne: tsutsar nan mai cin masara da dawa, wadda ke ɓuya a cikin ƙoƙon ganye, asalinta daga nahiyar Amurka take, kuma a 2016 aka fara ganin ta a Nijeriya. Ita kuwa hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa maganin ƙwari rajista, ta kuma hana wanda cutarwarsa ta fi amfaninsa.

Me ya sa ake sa wa magani doka? Domin guba ce. A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 a wata makarantar kwana a Jihar Gombe suka kwanta asibiti bayan sun ci waken da aka adana da maganin ƙwari. A wannan shekarar NAFDAC ta haramta magunguna iri 30. Sannan a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami sinadarin da ake haɗa fiya-fiya da shi ya wuce ƙima a cikinsa. Ka ga ke nan, kwalba ɗaya da aka tuttula a buhu tana iya kwantar da yara, tana kuma iya rufe wa manoman ƙasa baki ɗaya kasuwa.

Akwai hanyar ajiye wake ba tare da guba ba, watau buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu ɗaya. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron da ke ciki zai mutu don rashin iska. Sharaɗin dai kada ledar ta huje, kada kuma a riƙa buɗewa.

To, ɗalibi, ina naka aikin? Kai ne mai karatu a gida. Idan Baba ya sayo magani, karɓi kwalbar cikin ladabi ka duba masa abu huɗu: lambar rajistar NAFDAC, ranar da maganin zai lalace, awon da za a zuba a ruwa, da kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a ci amfanin. Dubi kuma launin da ke gindin takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Maganin da aka ɗura a kwalbar lemo, babu suna babu takarda, a bar wa mai shi kayansa.

Iyayenmu mata, don Allah kada a wanke galan ɗin magani a mai da shi na ruwan sha ko na man gyaɗa, kada kuma a ajiye shi inda yara za su kai hannu. Iyayenmu maza, feshi ba aikin yaro ba ne. Mai feshi ya rufe hanci da baki da jiki, ya ba iska baya, ya yi da sassafe ko da yamma, sannan ya yi wanka da sabulu kafin ya taɓa abinci.

In kuwa kun ga wani ƙwaro ko ciwon ganye da ba ku saba gani ba, ku tsinko ganyen ku sa a leda, a kai wa malamin gona ko sashen noma na ƙaramar hukuma, a kuma sanar da mai unguwa. A yi haka a ranar, kada a jira sai ya game gonar maƙwabci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana abin da muka shuka. Wassalam.