Ranar Laraba a kantin sadaukan takarda

Kowane gari da ranar kasuwarsa. Damagaram tana da Alhamis, Tawa tana da Lahadi, Maraɗi kuwa Litinin da Juma'a. To, a ƙasar Amurka akwai wata jama'a wadda Laraba ce ranar kasuwarta, abin da take zuwa saye kuwa shi ne waɗansu ƴan littattafai marasa kauri, masu shafi 32 ko kusa da haka, waɗanda ake ba da labarin cikinsu da zane, maganar mutanen labarin kuma tana rubuce cikin ɗan kewaye bisa kawunansu. Amurkawa suna ce musu komik. Yawancinsu labarin sadaukai ne masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam: wani yana tashi sama babu fiffike, wani yana hawa bango kamar tsaka, wani harsashi ba ya huda shi. Kowace Laraba sababbi suke fitowa, kuma akwai kantunan da su ne babbar hajarsu.

Gara in faɗa muku tun da wuri, masu karatu, ni ba baƙo ba ne ga wannan harka. Duk wanda ya yi lakwal a shekarun 1970 bai manta da Akim da Zembla da Blek ba. Wurin mai tebur na bakin silima muke samunsu, tsofaffi, sun sha hannu har sun yi laushi kamar tsumma. Mai dala biyu ya yi haya, marar ko dala ya leƙa ta bisa kafaɗar abokinsa. Muna ɓoye su cikin kaye, in mushe ya kama, shi ke nan, an yi hasara. Wata rana sai ga wani daban ya faɗo hannunmu, sunansa Strange. Wani kamfani na birnin Liyon mai suna Lug ne ya fara buga shi cikin shekara ta 1970, yana juya labarun Amurka zuwa Faransanci. A cikinsa muka gamu da Spider-Man, wanda Faransawa suka kira l'Araignée, mu kuwa nan take muka ce Gizo. Amma wannan Gizon bai gado halin mijin Ƙoƙi ba. Maraya ne, ɗan makaranta, gwaggonsa tsohuwa ce marar lafiya, kuɗin haya kullum yana gagararsu, jaridar garin kuma tana zaginsa alhali yana ceton mutane. Wannan talauci nasa shi ya sa muka so shi fiye da duk masu tashi sama.

Saboda haka da tafiya ta kai ni wani gari na Amurka, ban yi kwana uku ba sai da na tambayi inda kantin komik yake, na kuma jira Laraba.

Kantin bai fi ɗaki biyu ba, tsakanin mai wanki da mai sayar da abinci. Da shigarka ƙanshin sabuwar takarda zai tarbe ka. Bango guda an jere shi da fitowar wannan mako, kowane littafi fuskarsa a waje, launi kamar rumfar ƴan atamfa. A tsakiyar ɗakin akwai dogayen akwatunan kwali farare, cike da tsofaffin fitowa bisa tsarin haruffa, kowane ɗaya cikin leda, da kwali a bayansa don kada ya lanƙwashe. Can sama, bayan mai kanti, inda hannu ba ya kai, nan masu tsada suke, an rufe su cikin roba mai tauri, an ba kowane maki har zuwa 10 gwargwadon lafiyar takardarsa. Waɗannan ba a buɗe su, ba a karanta su, abin da har yau ban gane amfaninsa ba, domin littafin da ba a karantawa, me ya raba shi da tubali?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu sayen. Na zaci yara zan tarar, sai na ga magidanta masu furfura irina, da ma'aikata da suka fito hutun rana, da mata, da ɗalibai. Mai kanti ya san kowa da sunansa. Kafin mutum ya iso teburinsa ya riga ya jawo masa ƙunshinsa daga wani ɗan gurbi mai ɗauke da sunansa. Ba kuma mai gaggawar fita. Biyu suna gardama a kan wane mai zane ya fi iya hannu, na uku ya tsoma baki, mai kanti yana raba su yana kuma ƙara zuga su. Fada ce sosai, shayi kaɗai ya rage.

Wannan ƙunshi da ake ajiye wa kowa, shi ne ran kantin, kuma ba a gane dalili sai an koma baya kaɗan.

Sadaukin farko shi ne Superman. Samari biyu na birnin Kilibilan, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, su suka ƙago shi, ya fito cikin littafin Action Comics lamba 1 a shekara ta 1938, ana sayar da shi santi 10. Sun sayar wa kamfani da haƙƙinsa baki ɗaya a kan dala 130, dalar Amurka ke nan, ba tamu ta faran biyar ba. Kamfanin ya yi ta kwasar dukiya, su kuwa suka tsufa cikin rashi, Shuster har idonsa ya kusa mutuwa, sai cikin shekara ta 1975, bayan ƴan'uwansu masu zane sun yi ta ƙorafi, aka yanka musu dala 20,000 kowace shekara, aka kuma maido da sunansu bisa littafin. A watan Afrilu na 2024 an yi gwanjon kwafi guda na wannan lamba 1, aka saye shi dala miliyan 6. Bayan Superman, Batman ya zo a 1939, Captain America da Wonder Woman a 1941. Kamfanin Marvel kuma ya sabunta harkar tun daga 1961, inda Stan Lee da Jack Kirby da Steve Ditko suka kawo sadaukai masu rauni irin na mutane, cikinsu har da Gizonmu a 1962.

Duk wannan zamani babu kantin komik. Wurin masu sayar da jarida ake samunsu, da kantunan magani da na alewa, kuma abin da bai sayu ba ana mayar wa kamfani. Cikin shekara ta 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana cewa komik na lalata yara. Majalisar dattawan ƙasar ta yi zama a kan maganar, kamfanoni suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tace labari, da dama kuma suka rufe. Faransa ma tana da dokarta ta 16 ga Yuli 1949 a kan littattafan yara, ita ce ta sa kamfanin Lug yake goge waɗansu wuraren faɗa kafin ya buga. Ashe Gizon da muka karanta an rage masa kaifi ba mu sani ba. Sannu a hankali masu jarida suka ga ribar komik ba ta kai wahalarsa ba, suka fara ƙin karɓa. Mai son labari ya samu lamba 40, ya nemi 41 ya rasa.

Wani malamin makaranta na Burukilin a birnin Niyok, Phil Seuling, shi ya kawo mafita a farkon shekarun 1970. Ya ce wa kamfanoni su sayar wa ƙananan kantuna kai tsaye, da rangwame mai yawa, bisa sharaɗin cewa abin da aka saya an saya, ba mayarwa. Kamfanoni suka yi murna, tun da hasara ta bar wuyansu. Kantuna suka yawaita, mai karatu ya samu inda lambobinsa ba sa tsallake. Amma ku duba inda nauyin ya koma. Mai kanti yana yin odar littafi makonni kafin ya fito, bai ga cikinsa ba, bai san ko zai yi daɗi ba. In ya yi odar 50 aka sayi 20, saura 30 nasa ne, su ne suke cika dogayen akwatunan nan har a karya kuɗinsu zuwa dala guda. In ya yi odar kaɗan kuma littafin ya yi farin jini, masu saye su tafi wani wuri. Don haka yake roƙon kowa ya rubuta sunayen labarun da yake bi, shi kuma ya ajiye masa. Alkawari ne na baki, ba takarda, ba jingina. Wanda ya bar ƙunshinsa wata uku bai zo ya ɗauka ba, ya ɗaure wa mai kanti jari, daidai da mai cin bashin mai tebur ya sake hanya.

Kwaɗayi ya taɓa kusan kashe kasuwar. Da labari ya bazu cewa tsofaffin komik suna yin kuɗi, sai mutanen da ba su damu da karatu ba suka shigo, suna sayen kwafi goma goma suna ɓoyewa. Cikin 1991 kantuna suka yi odar X-Men lamba 1 fiye da kwafi miliyan 8. A ƙarshen 1992 kamfanin DC ya kashe Superman, mutane suka yi layi har waje. Abin da suka manta shi ne, na 1938 ya yi tsada ne domin kaɗan suka rage: yara sun yayyage su, uwaye sun zubar, an kuma tattara takardu da yawa lokacin yaƙin duniya na biyu. Abin da kowa ya ɓoye cikin leda kuwa, wa zai saye shi? Ba a yi shekara ba Superman ya tashi daga kabari, masu neman riba suka watse, kantuna dubbai suka rufe, Marvel kansa ya kai ƙarar karayar arziki kotu a watan Disamba na 1996. Daga nan rarraba littattafan ya koma hannun kamfani guda, Diamond. Da annobar korona ta zo a 2020 ya tsai da aika kaya, aka yi makonni babu sabuwar Laraba. Manyan kamfanoni suka bar shi ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya kai tasa ƙarar karayar a watan Janairu na 2025.

Mai kallo daga nesa zai ce ai sadaukan nan sun mamaye duniya, kuma gaskiya ne. Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan dala biliyan 4, fim ɗin Black Panther na 2018 kuma ya tara fiye da biliyan guda. Sai dai wannan ruwa bai cika sauka a gonar mai kanti ba, domin cikin masu cika silima kaɗan ne suke zuwa neman takarda. Littafi guda yanzu dala 4 ne ko 5, wato ya haura jika biyu, kuma minti goma sha biyar ya isa a karance shi. Shi ya sa rabin kantin da na shiga kayan wasa ne, da katuna, da littattafan zane na Japan waɗanda yara suka fi so. Tun 2002 kuma ake keɓe Asabar ta farkon watan Mayu ana raba komik kyauta don jawo sababbin masu karatu. Wani mai kanti na Kalifoniya, Joe Field, ya kawo shawarar. Kyauta ce ga mai karɓa, amma mai kanti biya yake yi.

Ba na cewa labarun nan ba su da aibi. Ba sa ƙarewa, wanda ya mutu bana zai dawo baɗi, kuma sau da yawa sai ka sayi littafi shida kafin ka ga ƙarshen magana guda. Tufafin da ake zana wa mata a waɗansu, ba ka so ɗiyarka ta gani. Na kuma daɗe da gane abin da ban gane ba ina yaro, cewa Akim da Zembla Turawa ne da aka naɗa sarautar daji, baƙar fata kuwa sai dai ya bi su a baya. Black Panther, wanda Lee da Kirby suka fito da shi a 1966, ya fi su mutunci nesa ba kusa ba, sarki ne mai ilimi a ƙasar da ba a taɓa mallaka ba, ko da yake Afirkar tasa mafarkin mutanen Niyok ce. Maƙwabtanmu sun gwada nasu: an yi Powerman a Nijeriya tun 1975, kamfanin Comic Republic na Legas kuma ya fara fitar da sadaukansa a 2013.

Da jama'a ta rage, sai na matsa wurin mai kanti na tambaye shi Strange. Bai taɓa jin labarinsa ba, ya zaci Doctor Strange nake nufi. Sai na kwashe abin da ke raina na faɗa masa. Akwai wata lamba da na yi haya ina yaro, inda gwaggon Gizo take kwance rai a hannun Allah, shi kuma ya je ƙwato maganinta a maɓoyar wani mugu ƙarƙashin ruwa, gini ya rufto, ƙarfe mai nauyin gaske ya danne shi, ruwa yana zubowa ta rufi, ga maganin can gabansa hannunsa bai kai ba. Nan lambar ta ƙare. Na yi wata da watanni ina zarya wurin mai tebur, ta gaba ba ta taɓa zuwa ba. Wataƙila wata mai ƙosai ta riga ni.

Ban gama ba ya ɗaga hannu ya tsai da ni. Wani dattijo da ke tsugune gaban akwatuna ya faɗi lambar ba tare da ya waiwayo ba: Amazing Spider-Man lamba 33, ta shekara ta 1966, zanen Steve Ditko. Ta asali tana can sama cikin roba, kuɗinta ya fi ƙarfina, amma akwai wani kundi da aka tara lambobin wannan zamani aka sake bugawa. Mai kanti ya buɗe mini wurin, ya tura mini kujera. Ditko ya ba ɗaga ƙarfen nan shafi biyar. Zanen farko ƙanana ne, yaron yana kwance ya kusa sallamawa, sa'an nan suna ƙara girma yayin da yake tuna kawunsa da ya rasu da gwaggonsa da ke jira, har na ƙarshe ya cika shafi guda, ƙarfen yana bisa hannuwansa. Na biya kuɗin kundin, na ƙara da lambobi uku daga akwatin dala guda saboda jikokina. Mai kanti ya tambaya ko ya buɗe mini gurbi, na ce masa jirgina ranar Litinin zai tashi.