Mai gidan wankin da ta ga duk rayuwar da ba ta yi ba

Evelyn Wang ƴar ƙasar Sin ce da ta bi mijinta Waymond zuwa Amurka, suka buɗe gidan wanki. Yanzu kasuwa ta ja baya, ofishin haraji ya taso ta gaba, mijin na yawo da takardar neman rabuwa, ɗiyarta Joy kuma ba su zama inuwa ɗaya. Da wannan hayaniya fim ɗin Everything Everywhere All at Once na 2022 ya buɗe.

A ofishin harajin ne komai ya birkice. Aka sanar da Evelyn cewa akwai duniyoyi barkatai, kowace ta tsiro daga wata shawara da ta yanke ko ta fasa. A wata duniyar ta ƙi bin Waymond, ta zama tauraruwar fim. A wata, mutane na da yatsu zalo-zalo kamar sosis, da ƙafa ake kaɗa piyano. Akwai ma inda ita da ɗiyarta duwatsu biyu ne a bakin wani kwari, ba murya, sai rubutu ke fitowa a allo. Wannan ɗan shirun ya fi duk faɗace-faɗacen fim ɗin kama zuciya.

Me ya sa aka zaɓe ta ta ceci duniyoyin? Don a cikin duk Evelyn ɗin da ake da su, ita ce ta fi kasawa: ta fara abubuwa da yawa, ba ta kai ko ɗaya gaci ba. Duk wanda ya bar gida neman na kai, ya kwana yana lissafin "da ban taho ba", zai gane ta tun kafin a yi nisa. Bayan ta leƙa duk waccan daula, wurin ɗiyarta da gidan wankinta ta komo.

Daniel Kwan da Daniel Scheinert ne suka rubuta kuma suka ba da umarni. A watan Maris na 2023 fim ɗin ya lashe Oscar 7. Michelle Yeoh, wadda ta fito a Evelyn, ta zama mace ta farko ƴar Asiya da ta ci kyautar gwarzuwar jaruma. Ke Huy Quan, mai taka rawar Waymond, shi ma ya samu tasa. Yana yaro iyalinsa suka tsere daga Biyetnam, ya zauna sansanin ƴan gudun hijira a Hong Kong, daga baya ya shafe kusan shekara 20 bai fito a fim ba saboda ƙarancin guraben da ake ba ƴan Asiya.

Sai dai fim ɗin na gudu da sauri, mai kallo kan rikice a farko, kuma akwai wuraren barkwancin batsa da bai dace a kalla da yara ba.